Amsa kan tambayar The Crown

'Yar uwa da kika tambaya wai abin da ake nunawa a The Crown, shirin nan na rayuwar Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta Ingila, gaskiya ne ko duk shirin fim ne, bari in sa baki, don na bi shi tun fitowarsa a Netflix 2016 har ya ƙare 2023.

Manyan abubuwan dai sun faru, ba ƙarya. Elizabeth tana Kenya labarin rasuwar babanta ya riske ta a 1952. Ƙanwarta Margaret ta so auren Peter Townsend, shi kuma sun rabu da matarsa tana nan da ranta, Cocin Ingila ba ta lamunci irin wannan auren ba, 1955 Margaret ta fito ta ce ta haƙura. Sai Aberfan, ƙauyen nan na Wales da tulin dattin kwal ya zaftaro kan makarantar firamare a 1966, mutum 144 suka rasu 116 yara ne, kuma da gaske sai bayan kwana takwas sarauniya ta je. Ranar da muka kalli wannan kashin wlh mai ɗakina tashi ta yi ta bar falon, lokacin da aka nuno iyaye suna tono da hannu ana cewa kowa ya yi shiru ko za a ji motsin yaro a ƙasa.

Inda za ki yi hattara shi ne hirar cikin ɗaki. Kin ga a zamaninta firaminista duk mako yana zuwa wajen sarauniya su zauna su biyu, ba sakatare ba mai ɗaukar murya, to Peter Morgan da ya rubuta labarin a ina ya ji me suka ce?? Ƙirƙira ya yi kawai, kuma ya iya, shi ya sa mutum zai rantse yana wajen. Wani wurin ma ya wuce gona da iri. Yayar Philip mijin sarauniya, Cecilie, ta mutu a haɗarin jirgin sama 1937, wannan haka ne, amma sai aka nuna kamar rashin jin Philip a makaranta ne ya jawo tafiyar har babansa yana ɗora masa laifi, alhali bikin aure za su a Landan. Haka wajen da Charles ɗan sarauniya ya je yana lallaɓa firaminista na lokacin John Major wai a sa uwarsa ta sauka, Major da kansa ya ƙaryata a 2022 ya ce shirme ne.

'Yan Ghana da ke gurup ɗin nan ma za su faɗa miki, rawar da sarauniya ta yi da shugaban Ghana Nkrumah a 1961 an yi ta, akwai hotuna, amma wai kishin Jackie Kennedy, matar shugaban Amurka na lokacin, ne ya kai ta Akara kuma rawa ɗaya ta raba Ghana da Tarayyar Sobiyet, haba dai, Nkrumah fa bai canza hanya ba.

In don makaranta kike so to kar ki kuskura ki kafa hujja da shi, ki ɗau sunaye da shekaru ki je ki bincika. In kallo ne kuwa sizin na ɗaya da na biyu sun fi min, Claire Foy da ta fito a sarauniya ta yi ƙoƙari sosai, daga na biyar dai lallaɓawa kawai na yi don in ga ƙarshe.