Tambaya da Amsa: Kwamitin gidanmu ya hana ni sa na'urar cajin mota

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Los Angeles ta jihar Kalifoniya, a wani bene mai gidaje da yawa inda na mallaki sashena, kuma akwai wurin ajiye mota da aka ware mini a ƙasa. Na sayi mota mai amfani da lantarki, amma shugaban kwamitin masu gidaje ya ce mini da baki ba za a sa na'urar caji ba. Shin yana da wannan iko?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba shi da ikon hana ka haka kawai. Sashe na 4745 na dokar farar hula ta Kalifoniya ya soke duk wata ƙa'ida ta kwamitin masu gidaje da ta haramta sa na'urar caji a wurin da aka keɓe wa mai gida, ko ta tsaurara sharuɗɗa har abin ya gagara. Kwamiti zai iya gindaya sharuɗɗa masu ma'ana game da tsaro da tsarin gini, amma hani ƙiri-ƙiri ba ya cikin huruminsa, kuma idan ya saɓa da gangan ana iya cin sa tara har dala 1,000.

Kada ka tsaya kan maganar baki. Rubuta takardar nema, ka ajiye shaidar ranar da ka miƙa ta, domin idan kwana 60 suka wuce ba a ƙi a rubuce ba, kuma ba a nemi ƙarin bayani daga gare ka ba, doka ta ɗauka an amince.

Sai dai nauyin duka a wuyanka yake. Kai za ka biya kuɗin aiki da na wutar da motar ta sha da na gyara, ka ɗauko ma'aikacin lantarki mai lasisi, ka kawo takardar inshora cikin kwana 14 bayan amincewa, kuma ranar da za ka sayar da gidan dole ka sanar da mai saye cewa na'urar da nauyinta suna nan.

A ganina, inda aka fi samun cikas shi ne ƙarfin wutar ginin. Tsofaffin benaye da yawa ba a yi su da tunanin motoci za su riƙa jan wuta dare ɗaya ba, kuma na'ura mai ƙarfin lantarki volt 240, wadda ke cika batir kafin gari ya waye, tana iya fin ƙarfin akwatin rabon wutar. Shi ya sa nake ba ka shawara ka fara kiran ma'aikaci ya auna, ya kuma duba ko za a ja waya daga mitarka ko a sa mita ta daban, don kada maƙwabta su ga kamar da kuɗinsu kake caji. Idan wutar ba ta wadata ba, ka nemi sauran masu irin motarka ku haɗu ku sa tsarin da ke raba wuta tsakanin motoci bi da bi, wanda sau da yawa ya fi sabunta wayoyin ginin araha.

Masu haya kuma sashe na 1947.6 na wannan dokar ne ya shafe su, amma bai haɗa da gidan da wuraren ajiye motarsa ba su kai 5 ba.