'Yan sanda sun harbe mini kare a tsakar gida: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Makonni biyar da suka wuce, wajen ƙarfe biyu na dare, 'yan sanda suka shigo gidana suna neman wani ɗan haya da ake zargi da sayen wayar sata. Karena na gadi, wanda na raina shekara huɗu, ya yi haushi, sai ɗaya daga cikinsu ya harbe shi a gaban yarana. Da safe na je ofishinsu, aka ce mini "ai kare ne". Ina so a kori ɗan sandan a kuma ɗaure shi, sannan a biya ni diyya mai tsoka kamar yadda nake gani ana yi a Amurka. Ba sauri nake ba, sai na tara kuɗin lauya tukuna. Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri, ya kwantar wa yaran hankali. Abin da zan faɗa ya dogara ne ga labarinka kai kaɗai, ban ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, don haka ka ɗauke shi a matsayin haske kafin ka zauna da lauya ido da ido.

Maganarka ta ƙarshe ce ta fi tayar mini da hankali. Ka ce ba sauri kake ba. To, doka tana sauri. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara kan abin da jami'i ya aikata a bakin aiki, kuma ka riga ka ci makonni biyar. Gaskiya ne kotuna sun ce dokar ba ta kare wanda ya yi aiki da mugun nufi ko ya fita daga hurumin aikinsa, kuma ƙa'idojin shari'ar 'yancin ɗan adam na 2009 sun ce irin wannan wa'adi bai shafi ƙarar da aka shigar a ƙarƙashinsu ba. Amma ban taɓa ba wa kowa shawarar ya jingina da togaciya ba alhali ƙofa tana buɗe. Lissafa kwanakinka daga daren da abin ya faru.

Sai batun da na san ba zai yi maka daɗi ba. A idon doka kare dukiya ce, kamar babur ko injin markaɗe. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999, mai maganar 'yancin rayuwa, na mutane ne. Saboda haka ba kisan kai aka yi a gidanka ba. In an yi laifi, ɓarnar dukiya ce ko zaluntar dabba, waɗanda dokar hukunta laifuka ta Final Kod ta tanadi hukunci a kansu, mai sauƙi ƙwarai in aka kwatanta da abin da ke ranka. Sannan wa zai binciki laifin? 'Yan sanda. Kana iya kai koke kai tsaye gaban majistare, amma sau da yawa shi ma wurinsu zai mayar da shi su bincika. Ban ce ɗauri ba zai yiwu ba, na dai ce kada ka gina tsammaninka a kansa.

Ita ma Amurkar da kake gani a Facebook, rabin labarin ake nuna maka. Can ma kotuna suna kallon harbin kare ne a matsayin ƙwace dukiya, kuma tambayarsu ita ce ko abin da jami'in ya yi ya dace da hankali a wannan lokacin. Akwai waɗanda suka ci nasara, amma a 2016 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta wanke 'yan sandan garin Battle Creek da ke jihar Michigan, waɗanda suka harbe karnuka biyu yayin binciken wani gida, bisa hujjar cewa karnukan barazana ne gare su. Irin wannan hukunci ba ya yawo a waya.

Wannan tambayar, ta ko abin da jami'in ya yi ya dace da hankali, ita ce za ta raba gardama a nan ma. Umarnin Rundunar 'Yan Sanda mai lamba 237, wanda aka sabunta a 2019, ya taƙaita amfani da bindiga ga inda akwai barazanar mutuwa ko mummunan rauni nan take, kuma babu wata hanya mai sauƙi. Ka ce karen ya yi haushi. Haushi daban, kai hari daban, amma ina tabbatar maka a rubuce za su ce ya yi kansu zai cije su. To a ɗaure yake da sarƙa ko a sake? Ina harsashin ya same shi, a ƙirji ko a baya? Taku nawa ne tsakaninsa da wanda ya harba? Sun ƙwanƙwasa sun ba ka damar ka kama shi, ko katanga suka haura? In a ɗaure yake, hujjarka tana da ƙarfi sosai. In a sake yake, cikin duhu, kuma babban kare ne, alƙali zai iya ba su uzuri ko da ni da kai ba mu so ba.

Shigowar tasu ma kada ka ɗauka lallai haramtacciya ce don an yi ta da dare. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin gida, amma doka ta yarda a aiwatar da takardar izinin bincike a kowane lokaci, ta kuma ba su damar shiga inda suke da dalilin zaton wanda suke nema yana ciki. Sai na san ko sun nuna takarda kafin in ce wani abu a nan.

Diyya kuwa, kotu za ta fara ne da darajar karen a kasuwa: jinsinsa, shekarunsa, kuɗin da ka saye shi, abin da ka kashe wajen horar da shi. Tana iya ƙara wani abu saboda keta haddin gida da firgita iyali, musamman in ta ga an yi ganganci, amma wannan yana hannun alƙali. Kuma cin shari'a daban, karɓar kuɗin daban. Akwai dokar aiwatar da hukunci da sashenta na 84 ya nemi amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Lauyoyi suna ta jayayya a kan iyakarsa, amma kafin a gama jayayyar mai ƙara ya sha jira. Yana yiwuwa kuɗin lauya da zirga-zirga su ninka kuɗin karen.

Wanda ya ce maka "ai kare ne" bai kyauta ba, kuma bai san dokar da yake aiki da ita ba. Harsashi ya fita daga bindigar gwamnati a tsakar gidan da yara ke kwana. Da ya goce fa? Ko a fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, wanda ya kashe karen da aka halatta ajiyewa sai ya biya ƙimarsa. Balle kowane harsashi yana da lissafi a rajistar ma'ajiyar makamai, fitarsu aiki kuma ya kamata a same ta a littafin ofis.

Nan ne ƙarfinka yake. Ka sa lauya ya rubuta takardar koke ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, a ba Sashen Karɓar Koke na rundunar kwafi, da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, a buga maka hatimin shaidar karɓa kamar yadda aka saba. Hotuna, kwanson harsashi in ka tsinta, katin allurar rigakafin haukan kare, bayanin likitan dabbobi, sunayen maƙwabtan da suka gani, duk a haɗa. Ƙaramin jami'i ana yi masa shari'ar ladabtarwa ta cikin gida, wadda ke iya ƙarewa da gargaɗi, rage muƙami ko kora. Ba kai za ka zaɓi hukuncin ba, kotu ma ba ta cika shiga wannan hurumin ba.

Abin da na fi gani shi ne, da takarda ta sauko daga sama, sai a kira ka zaman sulhu. In an kira ka, ka je, amma kada ka je kai kaɗai. Tafi da lauyanka ko mai unguwa ko wani dattijo da ake jin nauyinsa. Ka nemi kuɗin karen, da ban haƙuri a rubuce, da a rubuta abin da ya faru a fayil ɗin jami'in. Kada ka sa hannu a takardar janye koke sai kuɗi ya shigo hannunka. Kada kuma ka ɗora hotonsa da sunansa a intanet kana zagi, don za ka iya wayar gari kai ne ake tuhuma. In sun yi ta ja maka rai da "dawo gobe", lauyanka ya shigar da ƙara a babbar kotu kafin wata ukun ya cika. Shigar da ƙara ba ya hana a ci gaba da sulhu.

Idan ka sake rubuto mini, ka fara da amsar sarƙar nan: a ɗaure yake ko a sake?