An tara mana kuɗin kwamfuta, da me za mu fara?

Tambaya: Ni shugaban wata sakandaren jeka-ka-dawo ne a jihar Katsina, ɗalibanmu kusan 600. Tsofaffin ɗalibai sun tara mana kuɗi don shigo da fasahar zamani, wani ɗan kwangila kuma yana ta zarya wai mu sayi tablet mu raba wa 'yan ajin ƙarshe. Yaranmu suna zuwa JAMB ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba, ga shi ina tsoron kuɗin jama'a su salwanta a hannuna.

Amsa: Malam, tsoronka yana kan hanya. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara a 2024 da masu zana jarrabawa masu zaman kansu, waɗanda ba ta hannun makaranta suka yi rajista ba. Amma wannan ce ƙaramar matsalarka. Da maɓallai takwas kacal ana iya amsa JAMB: A, B, C, D na zaɓin amsa, N da P na gaba da baya, S da R na miƙa aiki ko fasawa. Yaron da ya yi atisaye na 'yan makonni, hannunsa zai daina rawa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗan kwangilar nan, domin yana sayar muku da tunanin da nake fama da shi kullum: wai da an damƙa wa yaro na'ura, ilimi ya shigo. Ba haka ba ne, kuma an gwada. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan makaranta ƙananan kwamfutoci sama da 800,000. Binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012, a makarantun karkara 319, bai ga ƙarin komai ba a lissafi ko karatu. Yaran sun iya danne-danne, malamansu kuwa suna koyarwa yadda suka saba. A nan gida an gwada shirin a firamaren Galadima da ke Abuja a 2007, aka yi ta maganar sayen kwamfutoci miliyan ɗaya, maganar ta bi ruwa.

Mu kuwa har yau ba mu ji ba. A kira manya, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, washegari a garƙame ɗakin kwamfutar. Shugaban makaranta yana tsoron in guda ta lalace jami'an ma'aikata su ce ya biya, sai ya gwammace ƙurar hunturu ta cinye su cikin kwali. A takarda lissafi ya cika, a aji ba wanda ya ƙaru. Tablet ɗin da aka raba kuwa, gilashi zai fashe, caja za ta ɓace, wata kuma tana gida ƙanne na kallon fim. Ka tambayi ɗan kwangilar wa zai gyara su bayan shekara guda, ka ga yadda zai sauya zance.

Ka fara da wuta. Kwamfutar tebur da allonta kan ci wat 150 ko fiye, ta cinya kuwa ba ta cika wuce 65 ba, ga batirinta a jiki. Guda ashirin na cinya sola madaidaiciya za ta ɗauke su. Batirin sola yana mutuwa, don haka a rubuta tun yanzu daga ina kuɗin sabo zai fito, kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) da ƙungiyar iyaye su sa hannu.

Sai jadawali. Kwamfuta 20, yara biyu-biyu, 40 ke nan a zama ɗaya. Ɗalibanka 600 za su kasu zama 15, kowa ya samu sau ɗaya a mako, 'yan ajin ƙarshe a ƙara musu da yamma. Intanet ba dole ba ce da farko: akwai manhajojin atisayen JAMB da ke aiki ba data, ga Nigeria Learning Passport da gwamnatin tarayya da UNICEF suka buɗe kyauta a 2022.

Malamai su riga yara zama a ɗakin, zango guda cur, kuma kada ka bar wa malamin kwamfuta shi kaɗai. Na lissafi da na Turanci kowa ya kawo darasi ɗaya da ke ba shi wahala a allo, a gani ko na'ura za ta sauƙaƙa shi. Kada kuma ka rataya ɗakin a wuyan ɗan bautar ƙasa, shekara guda zai yi ya tafi da lambar sirrin a kansa. Malamai biyu na dindindin su riƙe makulli da littafin shiga da fita, sannan ka kira 'yan kwangila uku su kawo farashi a rubuce.