Agogon na fara juyawa ne tun ranar da ka sauka

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce an ba ka gurbin digiri na biyu na shekara ɗaya a Ingila, kana tambaya ko da an gama karatun, aiki na jira, ko kuwa gaskiya ne abin da ake faɗa, mutum ya riƙe kwalin mastas ya ƙare a jidar kaya a sito. Duka biyun na gani da idona, na biyun ma sai da na ɗanɗana.

Kuskuren da na yi, kuma kusan duk wanda muka zo tare ya yi, shi ne ɗaukar neman aiki a matsayin abin da ake yi bayan karatu. Za ka fara a Satumba, ka miƙa kundin bincikenka wajejen Satumba mai zuwa. To manyan kamfanonin da ke ɗibar sababbin ɗalibai a tsari suna buɗe ƙofa ne daga Satumba zuwa ƙarshen shekara, don aikin da za a fara baɗi. Wato lokacin da kake neman ɗaki, kana kokawa da sanyi, ba ka ma gane hanyar laburare ba, a lokacin ne ake rabon. Ni sai da na gama jarrabawa na miƙe ƙafa na ce bari in duba, na tarar kasuwa ta watse.

Game da biza, ga yadda take. Tun Yulin 2021 akwai bizar da ake ba wanda ya kammala karatu: shekara 2 ga mai mastas, 3 ga mai digirin digirgir. Amma gwamnati ta sanar cewa duk wanda zai nema daga 1 ga Janairun 2027, wata 18 zai samu, ban da masu digirgir. Lissafa ka ga inda ka faɗa. Ana neman ta ne daga cikin ƙasar kafin ta ɗalibta ta ƙare, kuma kuɗin lafiya kaɗai fam 1,035 ne a kowace shekara, a dunƙule ake biya. Da ita kana iya yin kusan kowane aiki, sai dai ba a sabunta ta, kuma zaman da ka yi a kanta ba ya shiga lissafin shekarun neman zaman dindindin ta hanyar aiki. Aron lokaci ne kawai aka ba ka, ka nemo kamfanin da zai ɗauki nauyinka.

Nan ne gizo ke saƙar. Ba kowane kamfani ke da lasisin ɗaukar nauyin baƙo ba, kuma akwai mafi ƙarancin albashin da doka ta gindaya. A Afrilun 2024 aka ɗaga shi daga fam 26,200 zuwa 38,700, a Yulin 2025 ya koma 41,700. Sabon shiga kamarka yana da sassauci, fam 33,400, amma na shekara 4 ne kacal, har da waɗanda ka cinye a kan bizar kammala karatu. Ka ga ke nan wani zai so ka, ya yaba da kai, amma albashin kujerar bai kai ba, dole ya haƙura.

Ba na manta wani dare da na taso daga sito ƙarfe goma, ƙafafuna kamar ba nawa ba, na zauna cike fom na wani kamfani. Awa biyu na yi ina tsara amsoshi. A shafin ƙarshe sai ga tambayar nan da kowane baƙo ya haddace: shin za ka buƙaci a ɗauki nauyin bizarka yanzu ko nan gaba? Na danna e. Kafin shayina ya huce saƙon ban haƙuri ya shigo. Babu ɗan Adam ɗin da ya karanta ko layi ɗaya. Daga ranar na daina harbin iska. Ma'aikatar Cikin Gida tana wallafa sunayen duk masu lasisi a shafin gwamnati, kyauta, kowa na iya saukewa. Kafin in ɓata minti ɗaya a kan talla sai na duba ko sunan kamfanin na ciki.

Sai maganar kwalin kansa. Kada ranka ya ɓaci, amma mastas a nan ba abin a zo a gani ba ne, ajinku kaɗai zai iya haura mutum ɗari. Abin da suke tambaya a intabiyu shi ne me ka taɓa yi, wace matsala ka warware, me ya fito. Mu kuma an tarbiyyantar da mu da kunya, sai ka ji mutum yana ta "mun yi, mun yi", alhali shi ya yi aikin. Wata mata a ofishin ba da shawarar aiki na jami'armu ta dakatar da ni a tsakiyar gwajin intabiyu ta ce ita "ni" take son ji, ba "mu" ba. Na ji nauyin abin, amma ta fi ni gaskiya. Ofishin nan kyauta ne, ka je tun makon farko.

Awa 20 da aka yarda ɗalibi ya yi aiki a mako lokacin karatu, na san haya za ta cinye yawancinsu. Duk da haka ka yaga ko kaɗan ka sa a abin da ya shafi fanninka, ko da taya wani malami bincike ne, don ka samu wanda zai tsaya maka shaida a nan. Ni aikin da na samu daga baya, wata 14 da kammalawa, ta hannun wanda muka yi aikin rukuni tare ya zo.

Ka ambaci iyali. Tun Janairun 2024 mai mastas na zaman aji ba ya zuwa da mata da yara, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Ku zauna da maiɗakinka ku yi wannan magana tun kafin ka biya kafin alƙalami.

Turo min CV ɗinka da sunan kwas ɗin, in duba a ƙarshen mako. Ka cire hoto da ranar haihuwa, a nan ba a sa su. A gaida su Mama.