Amsa ga ɗan'uwa mai Hilux da ke zamewa in an yi ruwa

Wa alaikumus salam. Sannu ɗan'uwa, Allah Ya ƙara tsarewa. Ka ce Hilux ɗinka lafiya lau take a busasshiyar kwalta, amma da an yi ruwa sai bayanta ya riƙa kwashewa a kwana, in za ka tashi daga tsaye tayoyin baya su yi ta juyawa a banza, alhali "da sauran zane" a jikinsu. Duk wanda ya riƙe a-kori-kura a nan Gombe ya san wannan faɗuwar gaban, musamman a gangaren shigowa gari daga Tunfure: sitiyari yana hannunka amma motar ta daina jin maganarka. Abin ba daɗi wallahi.

Ka fara da sanin halin motar. Inji da mutane duk a gaba suke, tayoyin da ke tura motar kuma na baya ne, bodi in babu kaya fayau yake, babu abin da ke danne su a ƙasa. Ka samu buhunan yashi na kilo 100 zuwa 150, ka jera su daidai saman aksul na baya, tsakanin kumburin tayoyin nan biyu, ka ɗaure su tamau. Kada ka ajiye su can bakin ƙofar bodi, don nauyin da ya wuce aksul yana rage wa gaba kamu, kuma in baya ya fara lilo shi zai ƙara wurga shi. Siminti kuma kada ka sa, ruwa ɗaya ya zama dutse.

Sai iska. Nawa mai faci ya dura maka? Yawancinsu lambar da ke gefen taya suke gani su bi, ko su buga 50 ko 60 su ce ai motar kaya ce. Waccan lambar iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Ta gaskiya tana kan 'yar takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, in babu kaya galibi wajen 30 ne ko ɗan sama da haka, sai an yi lodi ake ƙara wa na baya. Iska in ta yi yawa tsakiyar taya kaɗai ke taka ƙasa, motar ta riƙa tsalle. In ta yi kaɗan kuma tsakiyar ta lotsa, ruwa ya taru a wurin. Ka sayi gejinka, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi, don gejin masu faci da yawa ya daɗe da mutuwa.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne wannan "da sauran zane". Wane zane? Akwai marasa tsoron Allah cikin masu sayar da tayoyin gwanjo da ke ɗaukar tayar da ta suɗe, su sa wuƙa mai zafi su sake sassaƙa mata zane, su goge ta da mai ta yi ƙyalli, su rantse maka cewa jiya aka sauke ta daga kwantena. Mutum ya biya kuɗin guminsa, ya ɗebi iyalinsa ya hau hanyar Bauchi da ita cikin marka! Ka duba cikin ramin zanen da kyau. A tayar kirki akwai 'yan tudu ƙanana da kamfani ya sa a cikin ramin, masu tsayin milimita 1.6, in zane ya cinye ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki. Wadda aka sassaƙa ba za ka ga waɗannan tudun ba, layukan ba sa tafiya daidai, wani wurin har zare ko waya na leƙowa. Kuma don damina kada ka jira 1.6, daga milimita 3 taya ta fara kasa fitar da ruwa. Ka cusa kan ashana a ramin, in bai nutse ba ka fara tara kuɗin taya.

Ko zanen na asali ne, ka duba shekarunta. A gefe bayan rubutun DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba in ta tsufa, ga zafin ranarmu, sai ta bushe ta ƙandare, har ka ga 'yan tsage-tsage a gindin zanen. Irin wannan a kan jiƙaƙƙiyar kwalta tamkar tangaran take. Wasu ma har lambar suke kankarewa, wadda ka ga an taɓa wurin ka bar masa kayarsa. Haka masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe, don sanyin Turai aka yi su, a nan nan da nan suke cinyewa.

Ba ka faɗi irin tayar ba. In masu manyan haƙora ce, mai rubutun M/T, to ta laka ce da hanyar gona, a kwalta mai ruwa ita ce mafi santsi, don ba ta da ƙananan tsagun nan da ke kama ƙasa. Mai yawan hawa kwalta H/T ta fi masa, in kana haɗawa da ƙauye ka sa A/T. In biyu kaɗai za ka iya saya, sababbin a baya za su zauna, ko me mai faci zai ce. Kuma kada ka gauraya iri biyu a aksul ɗaya.

Af, shokozoba. Wadda ta mutu tana barin taya tana dukan ƙasa tana tashi, ka leƙa ka ga ko tana zubar da mai. Masu ƙara sifirin don lodin buhuna su ma su sani baya yana ƙara tauri in babu kaya. Fitilar ABS fa (na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka burki), tana kamawa in ka murɗa makulli sannan ta mutu? In ba ta kamawa kwata-kwata, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye matsala, ana yin haka kafin a sayar da mota.

Kada ka dogara da 4H, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu duk su ja motar, a kan kwalta. A Hilux gaba da baya kullewa suke yi tare, a kwana sai motar ta ƙage, kuma ba ta ƙara maka burki ko kaɗan. Ta laka ce da yashi.

Ruwan farko ya fi kowanne haɗari, don yana tayar da ƙura da gas da baƙin man da tireloli suka zubar duk rani, ka kula sosai a hanyar Bajoga inda manyan motocin siminti ke bi, da kwanonin hanyar Kaltungo. Inda ruwa ya kwanta, in ka haura gudun kilomita 80 a awa taya na iya hawa kan ruwan gaba ɗaya, mai suɗaɗɗiyar taya ma tun kafin nan. Ka tashi da giya ta biyu, totur a hankali, ka gama rage gudu kafin ka shiga kwana. In baya ya kwashe, ka ɗaga ƙafa sannu, kada ka daki burki, ka juya sitiyari ɓangaren da bayan ya nufa.

Ka ɗauko mana hoton gefen tayoyin huɗu inda lambobin suke, da takardar jikin ƙofa, ka faɗi shekarar motar, sai mu gani ko sauke iska da yashi za su wadatar ko sai an sauya taya.