Ta ina mai ƙaramin ƙarfi zai fara tara tsofaffin zane masu ban mamaki?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah ina da sha'awar tara tsofaffin zane irin wanda baƙo zai shigo falo ya tsaya yana kallo yana tambaya, amma ni ɗan albashi ne, duk wanda na gani ana gwanjonsa a intanet kuɗin ya fi ƙarfina. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh ka ga a wannan harka suna ake saye, da zarar an ce wane ne ya zana shikenan farashi ya tashi sama, saboda haka mai ƙaramin ƙarfi sai ya bi aikin masu zanen kasuwa da na bakin titi waɗanda ba a damu da sunansu ba, kuma wallahi a nan abin mamakin ma ya fi yawa.

Ni wanda na fi so shi ne zanen bayan gilashi na Senegal, su a Wolof suwer suke ce masa. A bayan gilashin ake zanawa, komai a juye, mai zane ya fara da layin fuska da ido da sa hannunsa sannan ya rufe da launin bango a ƙarshe, kai kuma ta gaba kake kallo. A zamanin da William Ponty yake gwamnan Faransa na Afirka ta Yamma an taƙaita shigo da hotunan addini da ake bugowa daga ƙasashen Larabawa, sai mutanen Dakar da Saint-Louis suka koma kwafar su da hannu a gilashi. Shi ya sa za ka ga Buraƙa da fukafukai, jirgin Annabi Nuhu cike da dabbobi, ko Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya kafa ɗarikar Muridiyya a Senegal, yana salla a kan teku kusa da jirgin da ya kai shi Gabon lokacin da aka kore shi a 1895. Shekara da shekaru hotonsa ɗaya tal aka sani, na 1913, cikin kaya fari fat da rawani ya rufe baki, shi kowa ke ta maimaitawa. Idan kana da damuwa kan rataye hoton mai rai a gida ka fara tambayar malaminka, wannan ba fannina ba ne.

Yanzu a kasuwar Kermel da Soumbédioune da ke Dakar an cika su da sababbi na 'yan yawon buɗe ido, ba laifi ka saya in ya yi maka, kawai kada a karɓi kuɗin tsoho a hannunka. Ɗaga gilashin wajen haske, tsoho yakan ɗan yi lanƙwasa da ƙananan kumfa a ciki, fentin kuma yana ɓarewa daga baya. In ka ga sa hannun Gora Mbengue, shahararren mai zanen suwer wanda ya rasu a 1988, a farashin banza, toh ka yi hattara.

Na biyu fastocin fim na Ghana. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990 masu yawo da bidiyo da talabijin da janareta ƙauye ƙauye suna sa a zana musu talla da fentin mai a kan buhun fulawa, sau da yawa mai zanen ma bai kalli fim ɗin ba, sai ya ƙara maciji da adda da jini yadda ransa ya so. Na irin su Joe Mensah sun riga sun yi tsada a Amurka da Turai, amma na waɗanda ba a sani ba da allunan masu aski har yanzu ana ciniki. Waɗannan dai ba su kai shekara 100 da 'yan gwanjo ke ƙirgawa kafin su kira abu tsohon kaya ba, shi ma yana cikin dalilin arahar.

Ko wanne aka miƙo maka fara juya bayansa. Fasta ta gaske ta sha hanya, za ka ga hujin ƙusa a kusurwa, alamar naɗi, tambarin kamfanin fulawa, wani lokaci ɗinkin da aka haɗa buhu biyu, a gaba kuma sunan kulob ɗin bidiyon. Masu jabu da ruwan shayi da hayaƙin murhu suke tsufar da kaya, sai dattin ya zauna daidai ko'ina, ka sunsuna ma za ka ji. In ta waya ne ka ce a turo hoton baya da gefe kafin ka tura ko sisi.

Sai doka, a Najeriya dokar 1979 ta hukumar gidajen tarihi ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ba a cinikinsa haka kawai balle fita da shi waje sai da izini.

In ka kawo gida kada ka rataye inda rana ke duka ko bangon da ke jiƙa da damina, ƙurar hunturu kuma da busasshen buroshi mai laushi ake kaɗewa, ban da jiƙaƙƙen tsumma. Na gilashi kada ka taɓa bayansa ko kaɗan, fentin zai biyo yatsanka.