Ma'aikatan ɗakina sun daina sa zuciya a aiki, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata shida ke nan da aka ba ni shugabancin ɗakin kwanciyar mata a wani asibitin gwamnati. Ma'aikatan jinya suna zuwa a kan lokaci, amma iya abin da aka rubuta suke yi: a yi allura, a ba da magani, a koma danna waya. Har wadda na sani da ƙwazo ta bi sahu. In ba su takardar tuhuma ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Sista. Ajiye takardar nan tukuna, ki ɗauko jadawalin aikin wata ukun da suka wuce. Ki ƙirga gado nawa mutum ɗaya ke riƙewa da dare, kuma sau nawa aka cinye mata hutun da ke bin aikin dare. A nan ake fara gano ciwon.

A 2002 Farfesa Linda Aiken ta Jami'ar Pennsylvania a Amurka ta fitar da bincike kan asibitoci 168. Ta gano cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, yiwuwar aikin ya ƙona mata rai yana ƙaruwa da kashi 23 cikin ɗari, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 kuma da kashi 7. A jihar Kalifoniya doka ta hana nas riƙe fiye da mutum 5 a ɗakin kwanciya. Ki gwada wannan da namu, inda Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta ce sama da 15,000 sun bar Najeriya a 2023 kaɗai. Gadajen da suka bari, waɗanda suka rage ne ke ɗauka.

Wannan mai ƙwazon da kika ambata ita ta fi tsaya mini a rai. Irinta ce za ki tarar ƙarfe uku na dare ta ciji waya a baki tana haskawa, tana laluben jijiya don ta ɗaura ƙarin ruwa, gari ya waye dangi su zage ta kan magani da babu. Shekara biyu a haka, dole gwiwa ta yi sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2019 ta lissafa wannan hali cikin matsalolin da wurin aiki ke haifarwa: gajiya mai tsanani, nesanta zuciya daga aikin, da jin cewa ƙoƙarinka ba ya tsinana komai.

Sai dai ki raba abu biyu. Wadda ta ƙi ƙara awanni ba biya, haƙƙinta ne, kada ki riƙe ta a zuci. Amma wadda ta rubuta awon jini a fayil ba ta auna ba, ko ta bar tsohuwa kwance gefe ɗaya har gyambo ya fito, ta taɓa amanar rai. Nan kam a tuhume ta, ko ƙanwarki ce.

Sauran ki zauna da su ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban marasa lafiya ba. Ki tambayi kowace abu guda da in an gyara aikin zai yi mata sauƙi. Sau da yawa ƙaramin abu ne: fitila mai caji, safar hannu, adalci a rabon aikin ranar Sallah. Wanda ke hannunki ki gyara a makon nan. Ƙarancin ma'aikata kuwa ki kai shi sama a rubuce, da adadin gadaje da kwanan wata, ki ajiye kwafi a wurinki.